Koko, ɗumame ko shayi? Musayar baitoci kan karin kumallo

Gwaggon Yara:
Salamu alaikum. Yau ni zan buɗe fage. Amsa-amonmu "wa" ne, wanda ya karya shi zai sayi ƙosan kowa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba tsuntsu abin caccakawa,
Shekara 20 ina koyarwa,
Na san idon yaro mai jin yunwa.

Ƙarfe 10 kai ya kife a benci,
Ba ƙiwa ba ce, ba kuma lalaci,
Tun tuwon dare bai ga abinci,
Ta ina karatu zai shiga ƙwaƙwalwa?

Mai Adaidaita:
Gwaggo barka, sannu da fama,
Ni da asuba hanya nake kama,
Daga Kurna zuwa Bata in koma,
Wa ke da lokacin jiran tafasawa?

Goro nake jefawa a baki,
Sai azahar in ajiye aiki,
Har yau ban ji komai a jiki,
Sai ɗan jiri da hannu na karkarwa.

Baba na Maraɗi:
Yaro ka faɗi ciwo da bakinka,
Jiri da karkarwa su ne shaidarka,
Goro wayo yake yi wa cikinka,
Ya danne jin ta, bai kori yunwa.

Mu ɗumame muka ci mu tai gona,
Tuwon jiya da miyar kuka ta kwana,
Hura na gora tana jiran rana,
Mu wuni huɗa babu gazawa.

Nas ta Unguwa:
Baba ka yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora da abin da muka karanta.

Hanta rijiya ce ta ajiyar suga,
Dare duka jiki na zura mata guga,
Gari na wayewa in ka leƙa ka ga
Ruwa ya yi ƙasa, tana son ƙarawa.

Ƙwaƙwalwa ƙarama ce in an auna,
Kashi 20 na ƙarfin jiki take ƙona,
Yaya direba, fasinjanka fa na gona
Da na kasuwa duk kai suke dogarawa.

Mai Adaidaita:
To na ji, ƙanwata, na sallama,
Gobe teburin mai shayi zan kama,
Haɗin kauri, madara har sama,
Burodi guda, suga ba ƙirgawa.

Nas ta Unguwa:
A'a Yaya, an gudu ba a tsira ba ke nan. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba zai sha a yini kada ya kai kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Haɗin kaurinka kofi ɗaya ya ci rabon yini ko ya kusa.

Suga da farin burodi wutar kara,
Ta tashi bal-bal, ta mutu ba saura,
Kafin hantsi yunwa ta sake fara,
Ka koma goro kana hamma da lumshewa.

Nemi koko na gero mai tsami,
Ƙosai na wake ka haɗa in ka sami,
Wake ke gina jiki, wannan ilimi
Kakanninmu sun riga mu ganewa.

Shi ko shayi in ya bi abinci,
Sinadarin ƙarfe yake wa shamaki da ƙunci,
Mai juna biyu ta ba shi lokaci,
Kada ƙarancin jini ya zo yana bugawa.

Gwaggon Yara:
'Yata faɗa masa, ya ƙi ji da gangan,
Gyambon ciki na tafe sannu-sannu nan,
Yunwa ke huda hanji, mun san wannan,
Sai ya kwanta zai fara tunawa.

Nas ta Unguwa:
Gwaggo a gafarce ni, nan kam zan ɗan saɓa miki. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori. Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Marshall ma shan ƙwayar ya yi da kansa don a yarda.

Yunwa ba ita ke haƙa ramin ba,
Tana dai tada zafin in bai warke ba,
Maganin ciwon jiki da ba a ci komai ba,
Shi ne abokin ƙwayar wajen ɓarnatawa.

Mai ciwon suga da ke shan magani,
Ya tsallake kari, haɗari ne na gani,
Suga ya faɗi ƙasa, gumi ya keto ba tsammani,
Sai a kawo mana shi yana sumewa.

Gwaggon Yara:
To, na karɓa. Yau ɗaliba ta gyara wa malama allo.

Mai Adaidaita:
Jama'a ga rahoto, na bi shawara,
Ɗumamen Baba na ci har da ƙara,
Jiri ya tafi, sai dai wata ta fara,
Barci ya kwashe ni, rana na ta haurawa.

Baba na Maraɗi:
Malmala nawa ka ci, ɗan nan, gaya mini?

Mai Adaidaita:
Huɗu ne Baba, ta biyar uwargida ta hana ni.

Baba na Maraɗi:
Ɗumamen mai huɗa ka ci, kai mai zaman wuni,
Gobe ɗaya da rabi, sauran a bai wa yara su ci da daddawa.

Gwaggon Yara:
Mai Adaidaita bai kawo "wa" ba a baitinsa na ƙarshe. Ƙosai na kansa, nawa mai yaji.