Wa Aka Aika da Bishara? Musayar Baituka Daga Garwa Zuwa Njamena

Wani dattijo daga Garwa, Kamaru

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da shaidar Almasihu aikin fasto da mai bishara su kaɗai, mu kuwa mu zo sujada ran Lahadi, mu koma gida bakinmu a rufe har wata Lahadin ta zagayo. Ga baitukana, ƙwar huɗu ne, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon da na ɗauka.

Da sunan Allah Uba nake farawa,
Da Ɗansa Yesu, mai fansa da cetowa,
Da Ruhu Mai Tsarki, mai ƙarfafawa,
Ina kiran 'yan'uwa mu zauna shawara.

Sa'ad da Ubangiji ya tsaya kan dutse a Galili,
Ya ba almajiransa umarni a fili,
Bai ce sai masu ilimi ko masu hali,
Ya ce su je ga dukan al'ummai da bishara.

Waɗanda ya aika, wasunsu masunta ne,
Ɗaya daga cikinsu mai karɓar haraji ne,
Majalisa ta ga Bitrus da Yahaya marasa ilimi ne,
Duk da haka rufe bakinsu ya gagara.

Ku tuna kutare huɗu a ƙofar Samariya,
Da suka tarar Suriyawa sun gudu sun bar dukiya,
Suka ci suka sha, sai zuciya ta faɗa musu gaskiya,
Cewa yin shiru a ranar albishir laifi ne da asara.

Maganar ba da ƙafarta ta iso bakin Binuwai ba,
Revne, ɗan mishan da ya sauka Lere ta Cadi wajen 1920, bai isa ya zaga ko'ina ba,
Da waɗanda suka ji ba su faɗa wa danginsu ba,
Da yau babu ikilisiya a birni, balle a karkara.

To ni da kai da ke, wa ya ɗauke mana nauyi?
Fasto guda ba ya iya shiga kowane layi,
Ba ya zama a rumfarka, ba ya shan naka shayi,
Maƙwabcinka kai ya sani, bakinka yake jira.

Wani saurayi mai sayar da yadi a kasuwar Marwa

Baba, ina gaisuwa da ladabi, na kuma karɓi amsa-amon. Ban musa ko baiti ɗaya ba, amma ka yi mini izini in faɗi abin da ke riƙe harshena, domin na san ba ni kaɗai ba ne a cikin wannan hali.

Baba, na ji kiranka, kuma ban ƙi ba,
Sai dai ni ban yi makarantar Littafi ba,
In aka yi mini tambaya mai zurfi ban amsa ba,
Ina tsoron in ɓata abin da na zo in gyara.

Rumfata tana manne da ta wani Alhaji,
Shi ya ba ni jarin farko, ya yi mini agaji,
Yana kirana ɗansa, har wasu na zaton ni ne magaji,
Da shi nake cin tuwo, da shi nake shawara.

Ran Juma'a in ya tafi masallaci ni ke tsare kaya,
Ran Lahadi shi ke duba nawa, babu jayayya,
Da Salla ya aiko nama, da Kirsimeti in kai shinkafa da miya,
Haka muke zaune lafiya shekara da shekara.

In na buɗe baki na yi masa zancen ceto,
Ina gudun ya ce ashe da manufa na fito,
Zumuncin shekaru ya koma zargi da zato,
Shi ya sa nake ganin halin kirki ya isa ishara.

Ba gara a bar wa'azi ga waɗanda aka naɗa,
Waɗanda suka san abin da ya kamata a faɗa,
Mu kuwa mu riƙe gaskiya a ciniki, mu guji faɗa,
Mu ba da baiko, mu yi addu'a su yi nasara?

Wata uwa daga zumuntar mata, Ngaundere

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fito da abin da da yawanmu ke ɓoyewa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ka saurari uwarka.

Ɗana, kada rashin ilimi ya sa ka ja da baya,
Yarinyar da aka kamo daga Isra'ila zuwa Suriya
Baiwa ce a gidan Na'aman, ba gata ba dukiya,
Ta ce akwai annabi, ta dalilinta kuturu ya tsira.

Matar nan ta bakin rijiya ta bar tulunta,
Ta ruga gari ta faɗi abin da Yesu ya faɗa mata,
Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya horar da ita,
Amma mutanen Saikar da yawa gare shi suka dogara.

A 1923 ɗan mishan Gunderson ya iso Kamaru daga Amurka,
A 1925 'yan Norwe suka zo Ngaundere suka sauka,
An gina asibiti da makarantu, an ɗaure raunuka,
Hannu na aiki, baki kuma na shelar bishara.

Tun 1966 rediyon Sawtu Linjiila ke magana da Fulatanci,
Domin makiyayi a ruga ya ji cikin mutunci,
Amma rediyo ba ya zuwa gaisuwa, ba ya zumunci,
Ba ya riƙe hannun mara lafiya in an je ziyara.

Bara maƙwabciyata ta kwanta asibiti da ɗanta,
Kowace safiya in kai kunun gyaɗa in zauna gefenta,
In wanke zannuwa, in yi fifita har zazzaɓi ya sassauta,
Ban ce mata komai ba sai sannu, Allah ya gyara.

Wata rana ta riƙe hannuna ta ce, Mama, me ya sa?
Ga dangina na kusa ba su zo ba, balle na nesa.
Da na ce halina ne kawai, da na ƙwace wa Yesu yabonsa,
Sai na faɗa mata wanda ya ƙaunace ni, shi ya fara.

Ba ta bar addininta ba, ban kuma matsa mata ba,
Zumuncinmu bai ragu ko kaɗan ba,
Amma yanzu ba za ta ce ba ta taɓa ji ba,
Halin kirki ya buɗe ƙofa, baki ya fassara.

Wani malamin makaranta daga Njamena

Baba, Mama, da ƙanena na Marwa, ina gaishe ku daga wannan gefen kogin Shari. Tsoron ƙanena ba na banza ba ne, domin dukanmu mun ga masu ɗaga lasifika su aibata addinin mutane, su tafi su bar 'yan'uwan da ke zaune a unguwar da ɓacin ran da suka haddasa. Tsarin mulkin Kamaru da na Cadi duk sun amince da 'yancin addini, kuma 'yancin da ya ba ni damar in faɗi bangaskiyata shi ne ya ba maƙwabcina damar ya ji ya ce a'a.

Bitrus ya rubuta mu zauna kullum a shirye,
Mu ba mai tambaya dalilin begenmu, kada mu ɓoye,
Amma ya ɗora sharaɗin da wasu suka ajiye,
Wato tawali'u da bangirma, ban da fitsara.

Wanda ya zagi abin da maƙwabcinsa ke girmamawa,
Ya ce wai shaida yake yi, kansa yake ruɗawa,
Ana iya cin gardama a bar zuciya na ƙullewa,
Kuma ba a aike mu cin gardama ba, ku yi hattara.

Simon Mpeke, firist na Katolika a Kamaru, ɗan Kudu,
A 1959 ya zo Tokombere, da mutanen dutse ya haɗu,
Waɗanda aka daɗe ana rainawa, ana kora su gudu,
Ya zauna da su a gindin duwatsun Mandara.

Ba ya sa takalmi, yana hawan dutse ƙafa a ƙasa,
Yana sauraron dattawansu kafin ya faɗi nasa,
Ya buɗe makaranta, har Baba suka riƙa kiransa,
Ya rasu a 1975, har yau sunansa ya shahara.

Don haka, ƙanena, kada ka je wa Alhaji da huɗuba,
Ka jira ranar da zai tambaya, ba za ta ƙi zuwa ba,
Ka faɗi abin da Yesu ya yi maka, ba abin da ka haddace ba,
In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce za ka nemo shawara.

Dattijo daga Garwa

Malam, na yarda da kai a kan ladabi ɗari bisa ɗari, amma jiran nan da ka ce a yi yana ba ni tsoro.

Na san mutane da suka yi ta jiran lokaci,
Suna cewa gobe, gobe, kada a taɓa zumunci,
Har aka ɗauki gawar aboki, baki bai yi furuci,
Suka dawo daga jana'iza da nadama da hasara.

Filibus bai jira Bahabashe ya kira shi ba,
Ruhu ya ce ya matsa kusa da karusa, bai ƙi ba,
Shi ya soma tambaya ko karatun bai shige masa duhu ba,
Daga littafin Ishaya ya ɗauko zance ya fara.

Wani manomi daga wajen Mora

Iyayena da 'yan'uwana, ku ba mu wuri mu ma, mu da muke zaune kusa da iyaka, inda faɗin sunan Yesu ya taɓa zama abin da mutum zai duba hagu da dama kafin ya yi.

Mu nan wajen Mora mun ga wuta,
Boko Haram sun taɓa coci da masallaci da makaranta,
Kirista da Musulmi tare muka gudu daga Kolofata,
Tare muka binne namu, tare muka yi ƙaura.

Wasu sun tsallako daga Najeriya da goyo a baya,
Da ɗan ƙunshin kaya a ka, ƙafa duk ƙaya,
Sun bar gona da gida, ba su bar bangaskiya a hanya,
Tun 2013 sansanin Minawawo ke karɓar masu hijira.

Da aka kashe Istifanas da jifan dutse,
Masu bi na Urushalima duk suka warwatse,
Manzanni kaɗai suka zauna, sai ka ce zance zai katse,
Ashe talakawan da suka gudu su ke yaɗa bishara.

Ni manomin masakwa ne, in ruwan damina ya janye,
Mukan huda baƙar ƙasa da sanda kafin laima ta shanye,
Mu zuba ruwa a ramin, mu dasa tsiro ɗanye,
Mu koma gida, ba sauran ruwan sama da za mu jira.

Bulus ya ce shi ya dasa, Afolos ya yi banruwa,
Amma Allah ne kaɗai ya sa girma da tsirowa,
Juyar da zuciya ba aikinmu ba ne, 'yan'uwa,
Namu dashe ne, in mun yi shi sai mu bar masa saura.

Saurayi daga Marwa

Baba, Mama, Malam, da yayana na Mora, na gode ƙwarai. Maganar Malam da ta Baba ba su yi karo a wurina ba, domin akwai tambayar da aka riga aka yi mini, ita ce kuma zan koma in amsa sosai.

Alhaji ya sha tambayata abin da ya hana ni rantsuwa,
Ko mai saye ya matsa, i ɗina i ne, ba ƙarawa,
Wannan ce ƙofar da zan bi in soma shigowa,
In faɗa masa wanda ya koya mini, mu yi hira.

Ku sa mu a addu'a, ni da shi ma,
Kada zancen ya juye ya koma gardama,
In ya ce a'a, in ci gaba da ba shi girma,
Ran Juma'a in tsare masa rumfa bana kamar bara.

Dattijo daga Garwa

Ɗana, za mu ɗaga ku duka biyu a gaban Ubangiji a taron addu'a na wannan mako. Akwai kuma wani gefe da har yanzu ba wanda ya taɓo, wato shaida a cikin gidajenmu, ga 'ya'yan da muka haifa da waɗanda muke riƙo.

Tun 1932 Littafi ke hannunmu da Hausa a rubuce,
Amma a gidaje da yawa yana cikin akwati a kwance,
Yara su dawo makaranta su ci su kwanta, ba zance,
Yaya za mu kai wa na waje, mu tsallake yara?

Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis ta taso,
Ta bi ta uwarsa Afiniki kafin gare shi ta iso,
'Yan'uwa na Yagwa da Mundu, baitukanku nake so,
Ku faɗa mana yadda kuke yi a gidajenku, muna jira.