Musayar baitoci: tsohon da ba naka ba

Mai Shayi, Gujungu:

Salamu alaikum. Yau ni zan buɗe fage, kuma kan tsofaffin da ba ka haɗa komai da su ba zan yi, irin waɗanda kake gani su kaɗai a tasha ko a gindin darbejiya. Amsa-amo "wa". Mai iyawa ya shigo.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya tsoho da mai tasowa.

Ran Lahadi Gujungu ke cikawa,
Tun hantsi har magariba ta yi kawowa.

Akwai wani Baba da ke zuwa,
Ba ya saye, kuma ba ya sayarwa.

A ƙarshen benci yake zaunawa,
Idonsa na kan masu wucewa.

Na ce, "Baba, shayi nake haɗawa,"
Ya ce, "Yaro, ba ni da na bayarwa."

Na ce, "Sha, Baba, ba na ƙirgawa,
Labari ɗaya ya biya wa kowa."

Ashe buhun gyaɗa ya yi ta ɗorawa,
A Malam Madori, dala na tasowa.

Jirgin Nguru na busa yana wucewa,
Da sule ake biya, ba naira ba kuwa.

Sa'o'insa duk an gama binnewa,
Ba mai ce masa, "Wane, kana tunawa?"

Shayin ya huce bai kai ga shanyewa,
Bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa.

'Yar Kazaure:

Malam mai shayi, sannu da ƙoƙari,
Naka tsohon yana iya fita gari,
Tawa tana ɗaka, ba ta yi katari,
Yara gudu suke in ta yi leƙowa.

Aure ne ya kawo ni ƙauyen nan,
Aka ce, "Amarya, kiyayi gidan nan,
Mayya ce tsohuwar da ke nan,
Kurwar yaro take kamawa."

Na duba laifinta ban gani ba,
Allah ne dai bai ba ta haihuwa ba,
Miji ya rasu, dangi ba su zo ba,
Jan idon ma hayaƙi ke jawowa.

Na shiga da mataji da man kaɗe,
Gashinta fari fat, duk ya cuɗe,
Rabonta da kitso, ta ce, an daɗe,
Na tsefe, na wanke, na hau kitsewa.

Ta ce, "'Yar nan, ba kya tsorona?"
Na ce, "Iya, kishiya ce ke a guna,
Na zo ganin mai ƙwace min mijina,"
Ta yi dariya har da tuntsurawa.

Wasan jika da kaka ba sai an haɗa jini ba. Tun ranar in na yi sallama sai ta ce, "Shigo kishiya, yau me kika dafa masa mara gishiri?"

Ɗan Acaɓa, Ringim:

Hajiya, kin gama da mu. Ni ƙwar huɗu ta fi ƙarfina, ga nawa a gurguje. A farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi.

Daga kasuwa na taso ina komawa,
Ga tsoho da sanda yana dogarawa.

Ya kai akuyarsa don sayarwa,
Masu saye suka ce kuɗi sai turawa.

Ba waya, ba asusu, ba mai nunawa,
Ya juyo da abarsa, rana na faɗuwa.

Na ce, "Baba, hau," ya ce, "Ba na hawa,
Tsohon kuɗi gare ni, an daina amsawa."

Na ɗora su, akuya na ta zillewa,
Ta jiƙa min wando kafin isawa.

Ya riƙe hannuna, nasa na rawa,
"Allah ya ba ka mai ɗauka ran gazawa."

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, ɗaukar kyauta ta yi wuya. Amma in hanyarmu ɗaya da tsoho, man da zan ƙona ai shi ne dai zan ƙona.

Malamin Firamare, Gumel:

Na ji ku duka, kuma na yaba,
Amma akwai wadda ba ku faɗa ba,
Tsohon nan ba daga sama ya faɗo ba,
Ya haifa, kuma bai ƙi raino ba,
Ina 'ya'yan da ya yi ta ciyarwa?

Wani na Legas, wani na Abuja,
An bar uwa da guga tana ja,
Sai ran Sallah a zo da shadda mai daraja,
A gaisa a tsaye, a tada mota a ja,
Kafin azahar an yi ɓacewa.

Kofin shayi alheri ne,
Kitso da hira duk lada ne,
Amma ɗakin Iya na ƙasa ne,
Rufinsa kara da yaɓe ne,
Hira ba ta hana shi zubawa.

Ku tuna ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja da Ringim, yadda ɗakunan ƙasa suka yi ta zubewa. Mai ƙafa ya gudu, tsoho fa? A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu naira 7,000 duk wata a Jigawa, wato in hukuma ta so tana iyawa. A Kano akwai gidan gajiyayyu na Shahuci, sai dai wace tsohuwar ƙauye ce za ta yarda a raba ta da ɗakinta a kai ta birni? Kada daɗin baiti ya sa mu sauke wa 'ya'ya da hukuma nauyinsu.

Ɗan Ci-rani, Legas:

Malam, jifanka ni ya samu,
Ina Legas, Birnin Kudu ne garinmu,
Gonar gado ta kasa riƙe mu,
Mu bakwai muka yi mata rabawa.

Ba daɗin Ikko ya kawo ni ba,
Gadi nake, ba ofis nake ba,
Wata bai taɓa mutuwa ban aika ba,
Mai POS shaida ne, shi ke miƙawa.

Kuɗi kam suna bin waya su je,
Amma wa zai aika hannu ya je,
Ya ɗauko tabarmarta ya kai waje,
Ya zauna jin abin da take cewa?

Wata yarinya mai tallan fura,
Ita ke sa wa Innata zare a allura,
Ta danna mata waya in na yi kira,
Ba dangin iya, ba na baba kuwa.

Shi ya sa duk tsohon da na gani shi kaɗai a Agege sai na tsaya mun gaisa, na tambaye shi garinsu da wanda ke sarauta lokacin da ya baro. Bashin yarinyar nan nake ragewa.

Gardi, Wudil:

Ku ba ni wuri in ɗan yi tunatarwa,
Ƙari ne a kan abin da kuke cewa.

Girmama babba, Manzo ya yi koyarwa,
Murmushi ma sadaka ce ga ɗan'uwa.

Sai masu kai taliya suna ɗaukawa,
Fuskar tsoho a TikTok ana yaɗawa.

Ya gama godiya, kansa na sunkuyawa,
A ce, "Baba, sake, yanzu muke naɗawa."

Baƙara ta ce gori da cutarwa
Ɓata sadaka suke, ba ragewa.

Aya ta 264 ce, mai Alƙur'ani kusa ya duba.

Ɗan Acaɓa, Ringim:

Allah ya gafarta Malam, ni dai akuya ce kaɗai shaidata, ita ma ba ta da waya.

'Yar Kazaure:

Malam na Gumel, ban ƙi taka ba,
Ɗakin Iya bara bai ji da daɗi ba,
Sai dai da ban shiga yin kitso ba,
Wa zai ɗaga kai ya ga yana zubawa?

Maigidana ya kira samari gayya,
Sun ɗau alkawarin azara da igiya,
Saura kwano, ga damina a hanya,
Malam, baiti ko kwano kake kawowa?

Malamin Firamare, Gumel:

Falle biyu a wuyana in albashi ya shigo, in sha Allahu. Maganar 'ya'ya da hukuma kuma tana nan, ban janye ba. Kai kuma na Ringim, tunda ka iya ɗauko akuya, kwano ba zai gagare ka ba.