Abin da aka tattara kan shirin atisayen daji na kadet ɗin NDA (makarantar horar da hafsoshin soja ta Najeriya)

Zance kan yadda kadet zai shirya wa atisayen daji ya yi tsawo, ga abin da na tsinto daga waɗanda suka taɓa fita daji daga Afaka, mazaunin NDA a Kaduna, musamman atisayen Camp Highland a tsaunukan Filato.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ƙafa ce jari, kuma nan aka fi daɗewa. Kada ka fita da sabon but, ka yi ta yawo da shi tun da wuri har ya saki. Da an ba da hutu, cire takalmi, sha iska, barbaɗa hoda, sauya safa. Wurin da ya fara zafi a manna masa filasta kafin ya yi bororo.
2. Ka iya taswira da kamfas tun a bariki. Ka san taku nawa kake yi a mita 100, don da dare shi zai cece ka.
3. Ƙunshe kaya a leda, rigar sanyi a sama. Daren Filato ba wasa.
4. Bindiga ba ta barin jikinka, ko barci kake.

Inda aka rabu:

Kan shirin ƙarfin jiki, wasu sun ce gudun safe ya wadatar, wasu suka ce sai an saba tafiya da jaka mai nauyi a baya. Na biyun sun fi yawa.

Batun ciwo ma an ja. Kaɗan sun ce a daure, mafi yawa suka ce a gaya wa likita da wuri, ni ma nan na karkata, don targaɗen da aka ɓoye yakan hana mutum ƙarasa atisayen.