Tafasa ce ko rai-ɗore?

Direba: Salamu alaikum jama'a. Tun shigowar kaka gefen titin Kano zuwa Zariya ya cika da fure ruwan ɗorawa. Ni dai na ce duk tafasa ce. Rai-ɗoren ma ai tafasa ce da ta yi ƙwari, suna ne kawai ya bambanta.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Haba ɗana, kada ka sa wata ta tsinko ta yi kwaɗo da shi! Dubi ganyen. Na tafasa shida ne a jiki ɗaya, biyu-biyu, bakinsu a zagaye, da magariba kuma sai su rufe. Na rai-ɗore sun fi yawa, masu tsini, in ka murza warin sai ya kai maka har ka.

Direba: Hajiya, tafasar ma tana da nata warin. Kuma ni maganar fure nake, ai iri ɗaya ne.

Malamin gona: A launi kam ka yi gaskiya, 'yan gida ɗaya ne: a kimiyyance sunan tafasa Senna obtusifolia, na rai-ɗore kuma Senna occidentalis. Sai dai furen tafasa kan fito ɗaya ko biyu a gindin ganye, na rai-ɗore kuwa ya taru can wajen ƙarshen reshe. Amma a watan Oktoba kwanso ne alƙali. Na tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi faɗi, ana ganin shatin 'ya'yan a jere tun daga waje.

Makiyayi: Malam, Allah ya saka da alheri. Mu ba ma wasa da wannan. Dabba in ta ci 'ya'yan rai-ɗore da yawa ƙafafunta kan mutu, wata ba ta tashi.

Malamin gona: Haka ne. A arewacin Indiya ma likitoci sun danganta mutuwar yara da cin 'ya'yansa. Masu sayen ƙwayar tafasa don kaiwa Sin da Indiya su ma ba sa son a gauraya musu.

Direba: To amma iyayenmu ai suna dafa rai-ɗore don zazzaɓi.

Hajiya: Magani daban, abin miya daban, ɗana. Gobe in ka iso Kwanar Dangora ka tsaya, ka tsinko kowanne da kwansonsa ka ɗauko mana hoto.

Direba: In sha Allahu, Hajiya. Amma sai na ƙirga ganyen da hannuna kafin in sallama.