Neman shawara: yaran aji biyu, zailofon biyar, da waƙar Carl Orff cikin mako bakwai

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle. Wata ƙungiya ta ba makarantarmu zailofon (kayan kiɗa mai jerin falanki da ake bugawa da sanda) na katako biyar da na ƙarfe ƙanana biyu, tun bara suna cikin kwali a ofis, sai wannan zangon aka ce ni zan riƙe su saboda na taɓa koyon fiyano. Shugabar makaranta ta ga an rubuta Orff, wato Carl Orff mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a takardar da ke ciki, ta nemo shi a intanet, ta ji "O Fortuna", ta ce ita za mu yi ranar rabon kyaututtuka, tare da ɗan bayani kan rayuwarsa. Yara 42 ne, 'yan shekara shida zuwa bakwai, darasi minti 35. Mako biyu ke nan ba abin da ke fita sai hayaniya. Saura mako bakwai. Ta ina zan kama?

Tsohon malamin kiɗa: Wa alaikis salam. Malama, ajiye wannan waƙar tukuna. Ita ce buɗin Carmina Burana, jerin waƙoƙin da Orff ya tsara wa kiɗa, wadda aka fara gabatarwa a Frankfurt ranar 8 ga Yuni 1937, an kuma rubuta ta ne don babbar tawagar mawaƙa manya da cikakken rukunin makaɗa, da harshen Latin. Kayan da ke hannunki na wani aikinsa ne daban, wato Schulwerk, tsarin koyarwar da ya faro a makarantar da suka kafa da Dorothee Günther a Munik a 1924, suka fitar da littattafansa biyar shi da Gunild Keetman daga 1950 zuwa 1954. A tsarin nan magana ce farko, sai jiki, kayan kiɗa su ne na ƙarshe. Ki mayar da su kwali na mako uku. Makon farko: sunayen yara da tafi, ki yi gaɓa huɗu su maimaita. Na biyu: ki ƙara bugun cinya da buga ƙafa, ki raba aji biyu, rabi su riƙe bugu ɗaya ba canji, rabi su yi magana a kansa. Na uku: waƙa mai sauti biyu kacal, G da E (da haruffa ake kiran sautukan kiɗa). Yaron da bai iya riƙe bugu a cinyarsa ba, ba zai riƙe shi da sanda ba.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma in na rufe kayan har mako uku za a ce ba na aiki. Kuma ba duka waƙar nake nufi ba, wurin da ake rerawa a hankali ne, sautukansa ba su da yawa.

Mai gyaran kayan kiɗa: Ni ban ga dalilin rufe su ba. Hayaniyar daga falankin ne. Kowane zailofon yana da falanki 13, daga C zuwa A, da ƙarin uku a gefe. Ki cire duk F da B, abin da ya rage C, D, E, G, A ne, duk wanda yaro ya buga ba zai yi karo da na ɗan'uwansa ba. Da hannu biyu ake cirewa, a ɗaga sama sak. In aka ɗaga gefe ɗaya ƙusar da ke riƙe shi ta lanƙwashe. A buga tsakiyar falanki, a bar sandar ta yi tsalle. In yaro ya miƙe manuni a kan sandar zai danne, sautin ya mutu. Ki duba robar da ke ƙarƙashi ma, kayan da suka shekara a kwali robarsu kan bushe, sai ki ji zizar kamar ƙuda. Abin da ke ba ni haushi ke nan da makarantu, a karɓi kaya masu tsada a jibge su jikin taga, rana da hunturu su tsattsaga katakon, sannan a ce kayan ne ba su da kyau.

Tsohon malamin kiɗa: Cire F da B daidai ne, amma a mako na huɗu. Sannan ki yi rukuni shida na yara bakwai-bakwai, kowane rukuni minti huɗu a kan kaya, sauran suna tafi. Manyan zailofon biyu su riƙe C da G tare a kowane bugu, shi ne gindin kiɗan. Kuma kada ki ɗauko waƙoƙin yaran Jamus. Orff da na yankinsu ya yi aiki, ke ma ki ɗauko waƙoƙin gaɗa da yaran suka riga suka iya. Ki kula da karin sautin Hausa: in kalma ta tashi sama a baki, kada ki saukar da ita a waƙa, yaran za su yi ta gyara miki ba tare da sun san dalili ba.

Ɗalibar tarihi: Ba wanda ya taɓo bayanin rayuwarsa. An haife shi a Munik a 1895, ya rasu a can a 1982, an binne shi a Andechs, kusa da Munik. Amma Yaya ki sani, ya zauna a Jamus duk zamanin 'yan Nazi, ya kuma karɓi aikin rubuta kiɗan wani wasan Shakespeare lokacin da aka hana na mai tsara kiɗa Mendelssohn saboda asalinsa Bayahude ne. Sannan baitocin Carmina Burana daga wani kundin ƙarni na 13 suke, akwai na mashaya da caca da soyayya. In wani uba ya nemi fassara fa?

Mai gyaran kayan kiɗa: Baitin "O Fortuna" da take so ɗin kan juyin ƙaddara yake magana, ba giya ba. Sai dai a kan sautin D aka gina shi, yana bukatar F, kin ga dabarar cire falanki ta rushe ke nan.

Mai tambaya: To ai shi ya sa ba na son cirewa. Yaran sun riga sun haddace layi biyu, kuma an buga sunan waƙar a takardar gayyata. Ba za a iya bin tsarin Baba a darasi, a ware yara goma masu kai su koyi waccan bayan an tashi ba?

Tsohon malamin kiɗa: Sauran 32 ɗin fa? Tsarin gaba ɗaya an gina shi ne don kowane yaro ya taɓa. Kuma darasin nan sau nawa ne a mako? Har yanzu ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Sau ɗaya ne, ranar Laraba. Zan gwada neman ƙarin Juma'a.