Maganin shaƙa don tabon huhu

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Babana na fama da tabon huhu, maganin nintedanib da yake sha kuma na sa shi gudawa har ya rame. Wai ana binciken wanda za a riƙa shaƙa?

Ɗan Famasi: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ne. So ake maganin ya sauka huhu kai tsaye, ba sai ya bi ta ciki ba. Sai dai in girman ɓurɓushin maganin da ake shaƙa ya wuce maikiron 5 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), yawanci a maƙogwaro suke maƙalewa.

Wata Nas: Ana kan gwajinsa tukuna, 'yar'uwa, an gwada kan ɓeraye, an kuma fara gwadawa kan mutane. Kada Baba ya daina nasa, likita na iya rage masa adadin.

Uwar Biyu: Amin. Gobe zan kira likitan.