Lou Reed maroƙi ne ko mawaƙi?

Ɗan Fagge: Jama'a ku taya ni ji. Kwana uku ina jin "Walk on the Wild Side" ta Lou Reed ɗan Amurka, ta 1972, sai jiya na gano ashe duk wanda ya ambata a ciki mutum ne na gaske, 'yan gidan aikin Andy Warhol, mai zane da shirya fim, da ake kira Factory a birnin New York: Holly Woodlawn, Candy Darling, Joe Dallesandro, Joe Campbell, Jackie Curtis. Kowa da baitinsa, kowa an kwance masa zani a kasuwa, wannan da neman maza, wancan da ƙwaya. Waƙa ta kai ta 10 a Ingila, suna ya zama nasa. Ni a wurina maroƙi ne da ya ci da gumin wasu. Na san ba mai tanka min, ku in ba ƙwallo ba ba kwa magana.

Baban Amira: Maroƙi? Ƙanina, ka san maroƙi kuwa? Maroƙi kai ne kake ba shi ya wasa ka. Me Candy Darling take da shi da za ta liƙa masa?

Ta-Gwammaja: Yaya, ai roƙo ba yabo kaɗai ba ne. Hana maroƙi ka ga zambo.

Baban Amira: To ina zambon, Hajiya? Cewa ya yi Holly ta taso daga Miami tana tsayar da motoci a hanya, Candy kuma daga Long Island. Labari ne, ba habaici ko ɗaya.

Na-Jos: Duk kun haɗa gabas da yamma. Mawaƙi daban, maroƙi daban, sanƙira daban. Shata ya yi ta kiran sunan mutane a waƙa, wa ya isa ya ce masa maroƙi a gabansa?

Ta-Gwammaja: Kar ka sako Shata cikin wannan ƙazanta don Allah.

Na-Jos: Ƙazanta kuma? Ke da kika tashi kare Ɗan Fagge don unguwarku ɗaya da matarsa?

Ta-Gwammaja: Malam, gyara bakinka. Kuma kuɗin ankon da ka karɓa tun ƙaramar salla har yau ban ga atamfa ba.

Ɗan Fagge: Ku dawo kan magana mana. Shi Dallesandro da kansa ya ce lokacin da aka rubuta waƙar ko haɗuwa da Reed bai taɓa yi ba, rawar da ya taka a fim ɗin Flesh na 1968 aka ɗauka aka jingina masa. Candy kuwa ta mutu a 1974, shekararta 29.

Baban Amira: Ka ga ka kashe kanka. Wane maroƙi ne zai wasa wanda bai taɓa gani ba?

Mai Jita: Kuna ta kukan waɗanda aka ambata. Herbie Flowers fa, wanda kiɗan bas ɗinsa ne ya ɗauki waƙar a ka? Fam 17 aka ba shi. Sha bakwai! Mawaƙan rap ɗin nan A Tribe Called Quest suka ari kiɗan a 1990, shi dai shiru.

Na-Jos: To shi ne maroƙin kenan, an sallame shi ya tafi.

Baban Amira: Makaɗi ne, ba maroƙi ba! Ku daina ɓata Hausa. Kuma waƙar da David Bowie, mawaƙin Ingila, ya sa wa hannu wajen tsara ta ba a kawo mata raini.

Ta-Gwammaja: Au, ashe Bowie ake karewa tun ɗazu.

Baban Amira (shugaban zaure): Na rufe nan, dare ya yi. Abin da aka tsayar: Lou Reed mawaƙi ne, kalmar Ɗan Fagge ta faɗi, kuma ba don waƙar ba da wa zai san sunan Jackie Curtis a Fagge. Maganar atamfa ku ƙarasa ta a waya.

Ɗan Fagge: Wa ya tsayar?